Ko Ka San Yautai Ba Ya Yin Sheƙa?

Manomin Gozaki, a ƙaramar hukumar Kafur, zai iya wuce yautai taku ɗaya a bakin gonar masara bai gan shi ba. Tsuntsun ba rami yake shiga ba, ba kuma duhuwa yake nema ba. Kwanciya kawai yake yi a ƙasa da rana tsaka, ya lumshe manyan idanunsa don kada ƙyallinsu ya tona masa asiri.

Sirrin yana jikin gashinsa: ruwan ƙasa da toka-toka da ɗigo-ɗigon baƙi, tamkar busasshen ganye ya faɗo kan tsakuwa. Macen kan saka ƙwai ɗaya ko biyu a tsurar ƙasa, babu ko tsinke, su ma masu dabbare-dabbare. Idan maƙiyi ya matso, sai ta yi gefe tana jan fiffike kamar ta karye, ya bi ta, ya bar ƙwan.

Wani bincike da masana daga jami'o'in Exeter da Cambridge suka gudanar a Zambiya, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ba ko'ina macen yautai take kwanciya ba. Kowace mace tana zaɓar wurin da ya fi dacewa da launin jikinta ita kanta.

Yautai iri-iri ne. Wanda ya fi ban mamaki ana samunsa daga Senegal har Habasha, yana kuma yin arewa idan damina ta kankama. Tsawonsa bai wuce santimita 23 ba, amma lokacin barbara namijin kan fitar da gashi ɗaya a kowane fiffike mai kai santimita 38, tsinke zalla sai tuntu a ƙarshe. In ya tashi da magariba, sai ka rantse wasu tsuntsaye biyu ke biye da shi.

Da dare yake kiwo, yana wangale baki yana cafke ƙwari a sama. Jajayen idanun nan da fitilar babur kan hasko a hanyar Malumfashi, sau da yawa nasa ne.

Bahaushe kan kira shi mugun tsuntsu, alhali ko ƙwayar dawa ba ya taɓawa, ƙwari yake rage wa manomi. Don haka in kana sharar gona ka ci karo da ƙwansa, kewaye shi, kada kuma ka cinna wuta a wurin.