Sukwaya Mai Zamiya: A Gwada Kafin A Biya

Duk wanda ya zaga garejin kafintoci da masu walda a nan Malanville zai ga abu guda a kan kowane teburin aiki, wato sukwaya, wadda waɗanda suka koyi sana'a da Faransanci ke kira équerre. Ba ta da ƙara kamar injin walda, ba ta da haƙora kamar zarto, amma ita ce alƙalin aiki. In ta karkace, ƙofa ta karkace, taga ta ƙi shiga gini, mai aiki kuma ya dawo da faɗa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya faru da wani ƙanena da ya gama koyon kafinta. Da aka yaye shi, sai ya shiga kasuwa ya sayi sukwaya mai sheƙi, mai araha. Aikinsa na fari ƙofar shago ce. Ya auna, ya yanka, ya haɗa, amma da aka zo kafawa sai ƙofa ta ciji dokinta daga sama, ta bar kafa daga ƙasa. Katako ya tafi, kuɗin mutane ya tafi, sunansa kuma ya taɓu tun bai kafu ba. Da maigidansa ya gwada sukwayar sai ya ga ba laifin hannun yaro ba ne. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Irin wadda muke magana a kai ita ce mai zamiya. Rula ce ta ƙarfe mai kwari a tsakiya, da kai mai zamewa a kanta, wanda ake ɗaurewa da ɗan noti a duk inda ake so. Kan yana da fuska biyu, ɗaya ta kusurwar digiri 90, ɗaya ta digiri 45 don haɗa kwanar firam. Yawancinsu suna da 'yar kwalbar ruwa mai kumfa ta duba daidaito, da tsinken ƙarfe na ja layi. Da ita kaɗai mutum zai duba kusurwa, ya auna zurfin rami, ya kuma ja layi mai bin gefen katako. Wani Ba'amurke mai suna Laroy Starrett ne ya ƙirƙiro ta, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1879, ya kafa kamfaninsa a garin Athol na jihar Massachusetts a 1880. Daga baya masana'antu da yawa suka shiga yin ta, masu kyau da marasa kyau.

To, yaya mutum zai rarrabe? Abu na farko, a je kasuwa da fensir mai tsini da guntun katako wanda aka tabbata gefensa a miƙe yake. A ɗaure kan sukwayar, a manna shi a gefen katakon, a ja layi. Sai a kifa sukwayar ta koma ɗaya gefen, a sake ja daga wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna, to sukwaya ta yi. In sun buɗe baki kamar almakashi, a ajiye ta. Tazarar da aka gani a ƙarshen layi ninki biyu ce ta kuskuren. Kada a ce ai kaɗan ne: kuskuren milimita 1 a tsawon santimita 30 yakan kai kusan milimita 7 a ƙofa mai mita 2. A kwance notin, a matsar da kan, a sake ɗaurewa, a maimaita gwajin sau biyu ko uku, domin wata takan faɗi gaskiya a wuri ɗaya ta yi ƙarya a wani. Ɗan kasuwar da ya hana ka gwadawa ya riga ya gaya maka halin kayansa.

Na biyu, a dubi kan. Wanda aka yi da ƙarfen zubi ko baƙin ƙarfe mai tauri ya fi nauyi a hannu, ya kuma fi jure gogayya. Na alminiyam ko na roba ya fi sauƙin kuɗi, amma rula takan cinye shi a hankali har kusurwa ta gudu. In an ɗaure noti, a girgiza rular da yatsa. Muddin ta yi motsi, ba ta aiki ba ce.

Na uku, a shafa lambobin da farce. Waɗanda aka sassaƙa cikin ƙarfe za ka ji su, kuma suna nan ko bayan shekaru. Waɗanda aka buga da fenti kawai, gumi da ƙura za su share su. A kuma jera rular da mitar da aka yarda da ita, a ga ko sun yi daidai tun daga farko har ƙarshe.

Na huɗu ya shafe mu musamman mu mazauna bakin iyaka. A Benin da Nijar da mita da santimita ake aiki, amma kafintoci da yawa na Najeriya har yanzu da inci da ƙafa suke lissafi, kuma kayan aiki suna shigo mana ta kowane ɓangare. Inci 1 milimita 25.4 ne, saboda haka rula mai inci 12 ta ɗara mai santimita 30 da kusan milimita 5. Wanda ke karɓar aiki daga Gaya ko Kandi, yana kuma karɓa daga Kamba, gara ya nemi rula mai lissafi biyu. Game da tsawo, mai santimita 30 ta isa yawancin aiki. In firam ya yi girma, kamar ƙofar gareji, sai a koma ga tsohuwar dabara: a auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, in tsakanin ƙarshensu ya ba da 50 cif, kusurwa ta tsaya.

Wani zai ce ina kuɗin mai tsada a wannan zamani? Gaskiya ne. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, kasuwar Malanville, wadda ke cikin manyan kasuwannin ƙasar nan, ta ji jiki, masu sana'a ma haka. Amma a lokacin da aiki ya yi ƙaranci ne ya kamata a guji ɓata katako da ƙarfe. Kuma ba suna ake saye ba. Tsohuwar sukwaya ta hannu wadda ta ci gwaji ta fi sabuwa fil wadda ta faɗi.

Bayan saye sai riƙo. Muna bakin kogin Kwara, laimar damina tana kawo tsatsa, ƙurar hunturu kuma tana cika kwarin rula. A riƙa zare rular ana goge kwarin, a shafa ɗan man keken ɗinki. Masu walda su nisanta ta da tartsatsi, kada kuma a maishe ta guduma. Duk ranar da ta faɗi ƙasa, a sake gwada ta kafin a ja layi da ita.

Kira na ƙarshe ga iyayen gidan sana'a: ku koya wa yaranku wannan gwaji tun kafin ku yaye su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙanen nan nawa ya sake sayen wata, ya gwada ta a gaban mai kaya, ya kuma biya katakon da ya ɓata daga aljihunsa. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.