TSEREN KEKE MAI SIRDI BIYU: MAKAHO DA ƊAN JAGORA A FAGEN DUNIYA

A birane da ƙauyukanmu kowa ya san makaho da ɗan jagoransa: yaro a gaba, sanda a tsakani. A fagen wasannin duniya kuwa, keke ne ke haɗa su, suna gudun da ya zarce kilomita 50 a awa.

Keken yana da ƙafa biyu kamar kowane keke, amma sirdinsa biyu ne, fedarsa ma biyu. Mai gani ke zama gaba. Shi ke riƙe da kai da birki. Makaho na baya, yana ba da ƙarfi. Sarƙa ce ta ɗaure fedojin, saboda haka tare suke takawa, tare suke hutawa. In sun ci, kowannensu na samun lambarsa.

Yadda abin ya faro

A shekara ta 1948 lokotoro Ludwig Guttmann ya shirya wasa domin sojojin da yaƙi ya naƙasa, a Stoke Mandeville ta ƙasar Ingila. Daga nan aka kai ga wasannin naƙasassu na duniya, waɗanda aka fara a Roma cikin 1960. Tseren keke ya shiga cikinsu a 1984. A Atlanta ta Amurka, cikin 1996, aka ƙara da tseren cikin zauren da'ira. Tun 2007 ragamar wasan tana hannun ƙungiyar tseren keke ta duniya, UCI, mai mazauni a Aigle, ƙasar Suwis.

Aikin masu shiryawa

Na farko, tantance gani. Kafin gasa, lokotorori na auna idon kowane ɗan tsere, don kada mai gani sosai ya kutsa cikin makafi. Wanda ba ya gani sam da mai gani dishi-dishi duk rukuni guda suke, tunda idon ɗan jagora ne ke aiki.

Na biyu, dokar ɗan jagora. Wanda tseren keke ne sana'arsa cikin manyan ƙungiyoyi ba ya jagora sai ya bari, ya dakata wani lokaci. In ba haka ba, ƙasa mai kuɗi sai ta ɗauko gwani, nasara ta zama ta aljihu.

Na uku, hanya. Keken dogo ne, ga nauyin mutum biyu, don haka kwana mai tsanani da gangara haɗari ne. Dole a rufe hanya ga motoci, a tanadi motar ɗaukar masu rauni. A zaure kuwa, da'irar katako mai mita 250 ake kewayawa.

Na huɗu, kuɗi. Duk ɗan tsere guda, kujera biyu ce a jirgi, gado biyu a masauki, ga kuɗin dakon keken.

Abin da aka gani

A wasannin Tokyo, cikin Agusta 2021, Neil Fachie na Biritaniya da jagoransa Matt Rotherham sun gama kilomita guda cikin ƙasa da minti ɗaya, suka ɗauki zinariya. A wannan rana matarsa Lora ita ma ta ci tata, tare da Corrine Hall. A 2023, a Glasgow, UCI ta haɗa gasar naƙasassu da ta sauran ƴan tsere cikin biki guda.

Ina Afirka?

Har yanzu yawancin lambobin ƙasashen Turai da Ostareliya ke kwashe su. Gana ta aika keke mai sirdi biyu Tokyo, amma irinta kaɗan ne a nahiyarmu. Dalili a fili yake: ba a zuwa babbar gasa sai an tara maki a ƙananan gasanni, su kuwa galibi a Turai ake yin su. Wanda ba shi da kuɗin jirgi, an fidda shi tun bai hau sirdi ba.

Ƴan'uwa masu karatu, Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin makafi na da matasa masu ƙarfi, ƙungiyoyin tseren keke na da masu gani da suka san hanya. Ya rage ga hukumomin wasanni su zaunar da su wuri guda, su samar da keken farko, kuma ƙasashe maƙwabta su shirya gasa a tsakaninsu, don a daina jiran ta Turai kaɗai.