Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kan Laftof Don Ɗaukar Waƙa

Duk wanda ke leƙa situdiyoyin titin Zoo Road a Kano, ko na Kaduna da Jos, ya san yadda aikin ya koma. Ɗaki ɗaya, laftof ɗaya, fiyano, makirufo biyu ko uku, shi ke nan an buɗe sana'a. Mawaƙan fim, sha'irai, masu waƙar siyasa da masu ɗaukar karatun malamai duk a kan wannan kwamfuta suke dogara. Ana ɗaukar mai bayar da waƙa a layinsa, 'yan amshi a nasu, kalangu da ganga kowanne a nasa, don a iya gyara ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Sai dai koken bai canja ba: ana tsaka da ɗauka sauti ya fara ƙas-ƙas, ko manhaja ta tsaya cak, mawaƙi yana cikin shauƙi a ce masa ya sake daga farko. Aka je kasuwa neman mafita, amsar da ake samu guda ce, wai a sayi i7. Mutane da yawa sun saya, ƙas-ƙas ɗin na nan.

Rubutun i7 da ke manne a jikin laftof ba ya gaya maka shekarunta. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗar gaskiya. Furosesa mai lamba i7-2620M ta 2011 ce, ƙwayoyin aikinta biyu. Ita ma i7-7500U biyu gare ta. Amma i5-8250U, wadda ta fito a 2017, huɗu gare ta, kuma a wannan aiki ta fi su duka biyun, ko da yake sunanta ya fi nasu ƙanƙanta. Akwai wani dalili kuma: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa. Saboda haka idan ka shiga shago a Beirut Road ko Farm Centre, kada ka tsaya a kan sitika. Ka ce, "Alhaji, kunna min in ga cikinta." Ka duba cikakkiyar lambar furosesa da idonka, ka tambaya ko ana iya ƙara RAM, domin a wasu siraran kwamfutoci an liƙe ta da dalma, abin da ka saya da shi za ka zauna. RAM mai gigabait 8 za ta yi ɗaukar murya, amma mai loda kayan kiɗa irin na Kontakt ya nemi 16.

Batun ma'ajiya shi ne inda ake yawan yin asarar kuɗi ba gaira ba dalili, alhali lissafinsa ba wuya. A ma'aunin 48 kHz da 24-bit, layi ɗaya na murya yana cin kusan megabait 8.6 a minti guda. Layi 16 a lokaci ɗaya ke nan megabait 138 a minti, wajen gigabait 8.3 a awa. Idan ka raba shi a kan daƙiƙa, bai kai megabait uku ba. Ko tsohon faifai mai juyi yana iya rubuta ninkin wannan sau da yawa. To me ya sa ake cewa a koma SSD? Domin faifai mai juyi allura gare shi, kuma allurar nan ita ce za ta riƙa tsalle tsakanin fayil goma sha shida, ga Windows na kiranta, ga kayan kiɗa na jiran a ɗauko su. Ga shi ba ya son girgiza ko faɗuwa. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Ko ta talakawa, mai haɗin SATA, tana kai wa megabait 500 a daƙiƙa, kuma ta wadatar. Wanda ya ce sai ka sayi NVMe mai gudun dubbai kafin ka ɗauki 'yan amshi huɗu, cinikinsa yake yi. A ganina, musanya tsohon faifai da SSD shi ne gyara mafi riba da za a yi wa laftof ta hannu. Kawai kada a cika ta maƙil, a bar mata kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai.

Filas kuwa ba wurin ɗaukar aiki ba ne. Na kwashe fayil ne daga nan zuwa can. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, a rubuta terabait ɗaya a jiki alhali ainihin cikinsa 'yan gigabait ne. Zai nuna maka ya karɓi aiki, ranar da ka buɗe ka tarar da fayil ɗin ya lalace. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, tana cika shi ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Ka kuma lura da tsarin da aka yi wa ma'ajiyar: FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Mai yawo da aiki tsakanin Windows da Mac ya mayar da ita exFAT.

Yanzu ga ainihin mai laifin ƙas-ƙas, wanda gyaransa ko kwabo ba ya ci. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a miƙe, gutsure-gutsure take ɗauka, kuma girman kowane gutsure shi ne bafa. Kamar ɗibar ruwa ne daga rijiya zuwa randa: mai moɗa ruwansa na isa da wuri amma zirga-zirga za ta gajiyar da shi, mai garwa ba ya wahala amma sai an jira shi. Bafa 128 a 48 kHz jinkirinta milisakan 2.7 ne, ta 1024 kuwa ya haura 21, kuma kafin murya ta shiga ta dawo kunne sai ya ninka ko ya fi. Shi ya sa za ka ga mawaƙiya ta cire abin kunne gefe ɗaya tana cewa, "Oga, muryata tana biyo ni a baya." Ƙa'idar ita ce a rage bafa zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka, a ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 lokacin haɗa sauti, inda jinkiri ba ya cutar da kowa. Yawancin saun kad na waje suna da maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. A yi amfani da shi. Kuma a daina jibga fulogin ashirin na gyaran sauti a kan murya tun kafin a gama ɗauka. Kwalliya sai an gama wanka.

Saun kad ɗin nan ba ƙawa ba ce. Ramin makirufo na jikin laftof an yi shi ne don kiran bidiyo. Na waje yana zuwa da direban ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, suka ƙirƙiro. A sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, a kuma soka ta kai tsaye a jikin laftof, ba ta mahaɗar USB mai rassa da ke ɗauke da linzami da filas da cajin waya ba. Kada rubutun USB 2.0 ya tsorata kowa, yana ɗaukar layuka fiye da waɗanda ƙaramar situdiyo za ta taɓa buƙata. Kafin a danna ɗauka, a kashe Wi-Fi da Bluetooth, a dakatar da sabuntawar Windows, a sa tsarin wuta a kan mafi ƙarfi. Mai son tabbatarwa ya bar manhajar LatencyMon ta yi aiki na 'yan mintoci, za ta nuna masa direban da ke tare hanya.

Akwai abu biyu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba, mu kuwa su ne rayuwarmu: zafi da wuta. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, situdiyo kuma ɗaki ne da aka toshe da soso, aka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirufo. Idan furosesa ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa kwamfutar da ta yi lafiya da safe take fara shaƙewa da azahar. Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a fankar ciki har ta zama kamar auduga. A kai ta wurin mai gyara a buɗe, a share, a sake mata man sanyaya furosesa. A ɗaga bayanta iska ta shiga, a daina aza ta a kan katifa ko darduma.

Wutar kuma iri-iri ce, ta NEPA, ta janareta, ta inbata. Idan kana jin wani gurnani a ƙarƙashin sauti, zare caja ka saurara. In ya ɗauke, to matsalar daga cajar take ko daga wayoyin ɗakin, ba daga makirufo ba. Caja mai araha ita ce ta fi kawo wannan. Wasu kan karya ƙafar ƙasa ta filogi don gurnanin ya tafi. Kada ka yi. Ƙafar nan ita ce ke hana wuta bi ta jikin mutum, mawaƙi kuwa leɓensa na dab da ƙarfe. A kira mai aikin wuta ya duba. Batiri ma a tabbatar yana riƙewa, domin laftof mai mataccen batiri da zarar an ɗauke wuta ta mutu, wani lokaci har da aikin da ke buɗe.

Maganar manhajar sata ba a son yin ta a fili, amma kowa ya san yadda FL Studio da Cubase suke yawo a filas daga hannu zuwa hannu. Ban da haƙƙin masu ita, irin waɗannan kwafe sukan zo da ƙwayar cuta da ke cin ƙarfin kwamfuta a ɓoye ko ta kulle fayiloli. Ga shi kuwa akwai na halal: Audacity kyauta ce. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na ƙananan masu sana'a dala 60 ne.

Abin da ke cikin kwamfutar nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai waƙar bikin da aka biya, akwai karatun malamin da ba zai sake zama ya maimaita ba. Tsohon faifai yakan yi ƙara kafin ya mutu, SSD kuwa sau da yawa ba ta sallama, ɓarawo ma haka. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar ma'ajiya, amma ba ta dawo da abin da ya tafi. Don Allah, masu situdiyo, duk ranar da aka tashi daga aiki a kwafe shi a faifai na biyu kafin a rufe ƙofa, faifan kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof.