Ciprofloxacin

Ciprofloxacin, wanda aka fi sani da sifro, magani ne na kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya daga dangin fluoroquinolone. Kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro shi, aka amince da amfani da shi a Amurka a shekarar 1987. Yana hana ƙwayar cutar kwafin ƙwayoyin halittarta, ta yadda ba za ta iya hayayyafa ba. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Amfani

Ana ba da shi don zazzaɓin taifot, ciwon sanyi na mafitsara da wasu nau'o'in atini. Ana kuma amfani da shi wajen kare mutane lokacin annobar sanƙarau. A shekarar 2017 an yi gwaji a yankin Madarumfa na jihar Maradi, inda aka ba mutanen ƙauyuka sha ɗaya, aka ga yawan masu kamuwa ya ragu. Sifro ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro ko mura.

Illoli

Illolin da aka fi gani su ne tashin zuciya da gudawa. Wasu kan ji ciwon kai, jiri, ƙaiƙayi ko rashin barci. Akwai kuma masu tsanani da ba a cika samu ba. A 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa magungunan wannan dangi na iya kumbura ko tsinka agara, musamman ta dunduniya, ga waɗanda suka haura shekara 60. A 2018 ta ƙara gargaɗi kan faɗuwar sukarin jini da rikicewar tunani.

Shin yana sa yawan gumi?

Yana iya sa wa, amma da wuya. Takardar bayanin maganin a Turai ta sa yawan gumi cikin illolin da ke samun ƙasa da mutum 1 cikin 1,000. Saboda haka idan mai shan sifro yana zufa sosai, ya kamata a duba wasu dalilai.

Na farko shi ne cutar kanta, domin jiki kan yi sharkaf da gumi idan zazzaɓi zai sauka. Na biyu faɗuwar sukari, wanda ya fi haɗari, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari da ke shan glibenclamide ko yin allurar insulin. Alamominsa gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa da ruɗewa. Na uku, sifro na jinkirta fitar sinadarin kafin daga jiki, don haka mai yawan cin goro ko shan shayi da kofi zai iya jin faɗuwar gaba da zufa. Gumin dare tare da tari na fiye da mako 2 da ramewa kuwa alama ce ta tarin fuka, kuma sifro na iya ɓoye ta na ɗan lokaci har a makara gano ta.

A gabashin Sakkwato

A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wanda ke sa ya yi wuya a bambanta gumin bazara da na magani. Manoman rani da ke aikin albasa, tafarnuwa da shinkafa a fadamar kogin Rima da ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo kan yini cikin rana, alhali sifro na sa fata saurin ƙonewa. Ana shawartarsu su rufe jiki, su sa malfa, su yawaita shan ruwa.

Sauro ma ya yi yawa a wuraren ban-ruwa. Mutum kan ɗauki zazzaɓin cizon sauro a matsayin taifot, ya sayi sifro a kemis ba tare da gwaji ba, sannan ya ɗora wa maganin laifin zufar da zazzaɓin ke kawowa. Irin wannan shan barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Ba a haɗiye shi da nono, madara ko fura da nono, domin sinadarin kalsiyam na rage shigarsa jini. Maganin ƙwannafi da ƙwayar ƙarin jini ma haka suke: a sha sifro awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.

Lokacin zuwa asibiti

Gumi kaɗai ba dalilin yanke magani ba ne kafin a ga ma'aikacin lafiya. Amma idan ya zo da kumburin fuska, sarƙewar numfashi, suma, ciwon ƙirji ko ciwon dunduniya, a daina sha a garzaya asibiti. Mai ciwon sukari da ya ji gumi mai sanyi ya sha ruwan sukari nan take kafin a kai shi. Hukumar NAFDAC na karɓar rahoton illolin magunguna a Najeriya.