Ƴan makaranta masu ratsa ƙasa ba su bar gida ba

Ga labarin wata dabara da malaman makarantun boko suke yi a ƙasar Amurka. Yara suna tashi da ƙafa daga wannan bakin ƙasa zuwa wancan, amma kullum a gida suke kwana. Yaya haka?

Amurka ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Daga birnin Niyu Yok, a gabas, zuwa birnin Los Anjalis, a yamma, akwai wajen kilomita 4500 a hanyar mota. Kamar mutum ya yi tafiyar Yamai zuwa Damagaram ne har sau 5. Yaro ɗaya ba ya iya wannan tafiya. Amma aji guda yana iyawa, in an tara.

Ga yadda ake yi. Malam ya auna kewayen filin makaranta. Ya liƙa taswira, wato zanen ƙasa, a bangon aji. Kowace rana yara su fita su kewaya filin. Mai iya gudu ya yi gudu, wanda bai iya ba ya taka sannu. Duk ɗaya ne, kilomita kilomita ce. In sun komo, kowa ya faɗi kewaye nawa ya yi, a rubuta, a haɗa. Sai malam ya gusa alama bisa taswira daidai abin da aka tara. Garin da alama ta kai, ranar nan sai a yi karatu kansa: mi mutanensa suke nomawa, wane kogi ne kusa da shi.

Mu yi lissafi tare. A ce aji yana da yara 50. Kowane ya yi kilomita 1 a rana. Kilomita 50 ke nan. Cikin kwana 5 sun tara 250. Su kai 4500, sai sun yi mako 18. Wanda ya ɗauki alli ya gwada zai ga haka ne.

Don mi ake wannan wahala? Don yaran can zama ya yi musu yawa. Mota ta kai su makaranta, mota ta maido su, sannan su zauna gaban talabijin. Jikin da ba ya motsi yana tara ƙiba. In an girma da ita, tana jawo ciwon suga da hawan jini. Ƙungiyar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya motsa jiki sosai minti 60 kowace rana.

Dabarar tana da ƴan'uwa. A 1995, a birnin Ostin na jahar Tekzas, an kafa wani shiri mai suna Marathon Kids. Yaro yana tara kilomita 42 kaɗan-kaɗan, cikin watanni. A 2012 kuma, a garin Sitalin na ƙasar Sikotland, wata shugabar makaranta, Elaine Wyllie, ta ga ɗalibanta suna haki kafin su kewaye fili. Ta sa su fita gudu minti 15 kullum. Makarantu da yawa sun ɗauka.

Wani zai yi dariya, ya ce ɗiyanmu na ƙauye ba su rasa tafiya ba. Gaskiya ne. Yarinyar da ta je rijiya, ta kai abinci gona, ta ɗebo itace, ta wuce minti 60 tun kafin azahar. Amma a Yamai da Maraɗi da Tawa, akwai yaran da babur ke kaiwa makaranta, su wuni zaune. Su abin ya shafa. Mu kuwa na ƙauye, lissafin da sanin garuruwa su ne ribarmu.

Malamin da ke son gwadawa ya lura da rana. A yi da sanyin safiya, a ajiye tulun ruwa kusa. Yaron da zazzaɓi ya kama, ko wanda ya zo bai karya kumallo ba, kada a sa shi gudu. A ba shi alli, shi ya riƙa rubuta kewayen sauran.