Karen bana da zomon bana: Aikin da hancin kare zai iya yi wa mutanen Zariya bayan farauta

Da zarar an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, wanda ya saba sammako a Tudun Wadan Zariya yakan ci karo da su: samari da gora da adda a kafaɗa, karnuka na biye da su, sun nufi daji. Zomo suke nema, ko gafiya, ko gyazbi. Mafarauci yana da idanu da ƙarfin gudu, amma shi kansa ya san kafin ya hango nama, karensa ya riga ya sansano shi.

Sai dai dajin yana ta ja da baya. Inda ake farauta a da ya zama gonaki da filaye da sababbin unguwanni, nama kuma ya yi ƙaranci. Tambayar ita ce, baiwar da ke hancin waɗannan karnuka za ta tafi tare da dajin ne, ko kuwa akwai wani aikin da za a ɗora ta a kai?

Abin da ke cikin hancin

Masana sun ƙiyasta cewa hancin ɗan Adam na da ƙwayoyin jin ƙanshi kimanin miliyan 6, yayin da wasu karnuka ke da har miliyan 300. Idan kare ya duƙufa kan sawu, yakan shaƙi iska kusan sau biyar a daƙiƙa ɗaya. Tsagar da ke gefen hancinsa kuwa, ta nan yake fitar da numfashi, don kada ya hure warin da yake bi.

Abin da yake bi ɗin shi ne ɓurɓushin fata da gumi da mutum ke zubarwa ba tare da ya sani ba, da warin ciyawar da aka taka da ƙasar da aka motsa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Queen's da ke Belfast a 2005 ya nuna taku biyar kacal sun ishi horarren kare ya gane ta inda mutum ya nufa, domin sawun baya-bayan nan ya fi na farko ƙarfin wari.

Wannan ne ya sa mafarauta ke son sassafe. Laima da raɓa suna riƙe wari a ƙasa, zafin rana da busasshiyar iskar hunturu kuwa suna kwashe shi.

Daga filin jirgi zuwa zazzaɓin cizon sauro

A Najeriya, hukumar NDLEA da rundunar 'yan sanda duk suna da sashen karnuka. Akwai jita-jitar da ta daɗe cewa ƙwaya ake bai wa karnukan su sha har su kamu, shi ya sa suke nemanta. Ba haka ba ne. An koya wa karen cewa duk inda ya ji wannan wari, za a ba shi abin wasansa ko abinci. Ladansa yake nema.

Aikin ya wuce kama masu laifi. A 2018, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Steve Lindsay na Jami'ar Durham sun bai wa yaran makaranta a Gambiya safa suka kwana da ita, aka kai safar Ingila, aka gabatar wa karnuka biyu da aka horar. Karnukan sun gane kashi 70 cikin 100 na safar yaran da ke ɗauke da ƙwayar cutar maleriya, duk da cewa yaran ba su nuna alamar ciwo ba, suka kuma tantance kashi 90 cikin 100 na marasa ita.

A garin Morogoro na Tanzaniya ma, ƙungiyar APOPO na horar da 'yar uwar gafiyar da mafarautanmu ke tonowa daga rami, tana gano nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina.

Me addini ya ce?

Mutane da dama a Arewa na ƙyamar kare, har sunansa ya zama zagi. Amma horar da shi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, bisa sharuɗɗan da malamai suka yi bayani. Hadisai sun ba da izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, sun kuma yi gargaɗi kan ajiye shi ba tare da dalili ba. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a Zazzau, ba a ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Wanda ke da shakka kan halin da yake ciki, malaman unguwa na kusa.

Yadda ake farawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan kwikwiyon da ya dace shi ne mai naci, wanda idan ka jefa abu cikin ciyawa ba ya dawowa sai ya gano shi. Ba dole sai karen Turai ba. Karen gida ya fi jure zafinmu, kuma ciyar da shi ya fi sauƙi.

A ƙasashen waje, inda neman wari ya zama wasan da masu karnuka ke gasa a kai, kanumfari na cikin ƙamshin da ake koyarwa da shi, ga shi kuwa birjik a kasuwar Tudun Wada. A zuba 'yan ƙwayoyi a gwangwani mai murfi, a huda murfin, yadda kare zai ji ƙamshin amma ba zai ci ba. Duk sanda ya kai hancinsa kan gwangwanin, nan take a yaba masa a ba shi ɗan nama. Idan aka yi jinkiri, ba zai gane abin da aka saka masa a kai ba.

Bayan 'yan kwanaki sai a jera gwangwanaye uku, ɗaya kawai ke da kanumfari, a riƙa sauya musu wuri. Daga nan a koma ɓoyewa a bayan turmi, ko ƙarƙashin buhu, ko cikin ramin katanga.

Bin sawu kuma fili yake so. Wani ya taka kamar taku goma a miƙe da asuba, yana ajiye ɗan abinci a cikin sawunsa, ya bar hularsa a ƙarshe. A sa wa kare doguwar igiya, a nuna masa farkon sawun, a bar shi ya ja gaba. Sannu a hankali a rage abincin, a tsawaita tafiyar, a sa kwana, a kuma bar sawun ya daɗe kafin a kawo karen.

Minti biyar zuwa goma sun isa a zama ɗaya. Duka kuwa ɓata aiki yake yi: karen da ke tsoron sanda fuskar maigidansa yake kallo, ya manta da ƙasa.

Inda hatsarin yake

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. A wani gwaji da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar California da ke Davis, an sa ƙwararrun masu karnuka 18 su bincika ɗakunan da babu ƙwaya ko abin fashewa ko kaɗan, amma aka sa suka zaci akwai. An samu nunin ƙarya fiye da sau 200, kuma ya fi yawa a wuraren da masu karnukan suka yi zaton an ɓoye abin. Wato kare na karanta zuciyar mai riƙe da igiyarsa.

A ce an sace akuya a unguwa, mai kare yana zargin wani maƙwabci, kare ya ja ya tsaya a ƙofar gidan. A garin da ihun "ɓarawo" kaɗai kan iya jawo a kashe mutum, wannan ba abin wasa ba ne. Tsayawar kare a ƙofar gida ba hujja ba ce. Iyakarta ta nuna inda za a duba, binciken kuma na 'yan sanda ne. Shi ya sa masu horo na gaskiya ke gwada karensu a kan sawun da su kansu ba su san inda ya bi ba.

Hatsari na biyu shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa kwikwiyo rigakafi tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Mutanen Zariya sun yi sa'a, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar.

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomon bana ya sauya: yaro ne da ya ɓace a bakin Kubanni, ko tsohon da ya fita ya kasa gane hanyar gida, ko tunkiyar da aka kwance cikin dare. Mafarautan Zariya sun riga sun iya zaɓen kwikwiyo, sun iya karanta wutsiya da kunnen kare. Abin da ya rage shi ne allurar rigakafi, da horo mai tsari, da haɗa kai da hukuma, kafin waɗanda suka san aikin su tsufa su tafi da saninsu.