2.3 Benazir Bhutto da Jagorancin Jam'iyyar PPP

A wannan sashe za a duba rayuwar Benazir Bhutto, domin a ga yadda mace ta riƙe ragamar babbar jam'iyya a ƙasar Musulmi.

An haife ta a birnin Karachi na Pakistan a shekarar 1953, ta kuma yi karatu a jami'o'in Harvard da Oxford. Mahaifinta, Zulfikar Ali Bhutto, shi ne ya kafa jam'iyyar PPP a 1967. Bayan da sojoji suka hamɓarar da shi a 1977, aka kuma rataye shi a 1979, nauyin jam'iyyar ya rataya a wuyanta ita da mahaifiyarta, Nusrat. Wannan ya jawo mata ɗauri da gudun hijira zuwa Ingila.

Ta koma gida a 1986, ta zama Firayim Minista a 1988. Sau biyu ana sauke gwamnatinta bisa zargin cin hanci, wato a 1990 da 1996. An kashe ta a Rawalpindi ranar 27 ga Disamba, 2007, jam'iyyar ta koma hannun mijinta da ɗanta. Wannan ya nuna cewa shugabancin PPP ya zama tamkar gadon gida.